Auduga da Mulkin Kasuwa a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Idan ana zancen mulkin mallaka, abin da ya fi saurin zuwa zuciyar mutane shi ne bindiga da yaƙin 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingilishi, Katsina kuma ta yi mubaya'a. Amma bindiga ƙofa kawai ta buɗe. Abin da ya daɗe yana aiki bayanta shi ne ikon yanka farashi, wato mai saye ya zama shi ke faɗin abin da za a noma, da inda za a sayar, da nawa za a biya. Tarihin auduga a kudancin Katsina ya isa misali a kan wannan.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa ta san auduga. Manomi ya noma, mata su gurza su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, fatake su ɗauka. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafin Kano ke kai wa har Tambutu da garuruwan hamada. Abin lura shi ne, kowane mataki na wannan sana'a a cikin ƙasa yake, saboda haka ribar kowane mataki a cikin ƙasa take zama.

A can Ingila kuwa, masaƙun Lankasha sun dogara ne ga audugar Amurka. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka daga 1861 zuwa 1865, auduga ta yanke, masaƙu suka tsaya, ma'aikata suka shiga yunwa. Wannan tsoro bai bar masu jarin Mancesta ba, shi ya sa a 1902 suka kafa ƙungiyar British Cotton Growing Association, wadda aka fi sani da BCGA, domin neman auduga a ƙasashen da Ingila ta mallaka. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da suka fi sa wa rai.

Da farko abin bai yi musu daɗi ba. Masaƙan gida sun fi BCGA biyan kuɗi mai kyau, manomi kuwa ba ya kai kayansa inda zai faɗi. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai manoman Kano suka rungumi gyaɗa maimakon audugar da aka gina hanyar dominta. Wannan ya nuna cewa a kasuwar da ba a sa wa takunkumi ba, Lankasha ba ta iya kayar da masaƙin Bahaushe. Don haka aka juya ga yankin Zariya da kudancin Katsina, inda ƙasa ke da nauyi, ruwan sama kuma ya fi yawa, aka kuma nemi taimakon hukuma.

Matakin farko shi ne haraji. An hana shigo da wuri, aka wajabta biyan haraji da kuɗin Turawa. Talakan da ba shi da sule dole ya noma abin da kamfani zai saya, kuma lokacin karɓar haraji ya zo daidai da kaka, sa'ad da manomi ba shi da halin jira farashi ya tashi.

Na biyu shi ne iri. An kawo irin auduga na Amurka mai suna Allen, mai dogon gashi, wanda ya dace da injunan Ingila. An kafa gonar gwaji da yaɗa iri a Daudawa, kusa da Funtua, aka riƙa raba angurya ta hannun hakimai da dagatai, aka kuma hana shuka irin gargajiya a yankunan da aka keɓe.

Na uku shi ne kasuwa. An ƙayyade wuraren sayar da wannan auduga, aka sa malaman auduga masu tantance daraja, aka ba kamfanoni irin su UAC da John Holt izinin saye. Gidajen gurza na BCGA da ke Funtua da Malumfashi su ne maƙurar tafiyar audugar. Sikeli na mai saye ne, daraja shi ke yankewa, farashi kuma daga kasuwar Libaful yake tasowa.

Na huɗu shi ne hanya. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua ya kai Ƙaura Namoda a 1929 an shimfiɗa shi ne domin kwashe auduga da gyaɗa zuwa bakin teku. Funtua ta bunƙasa a kan wannan ciniki, amma bunƙasa ce irin ta zango: kaya su fita ɗanye, su komo a matsayin akoko da atamfa, manomi ya sayi gumin kansa da tsada.

Masu wannan tsari sun kira shi ciniki na 'yanci, amma tarihinsu ya ƙaryata su. A 1721 majalisar Ingila ta hana amfani da yawancin yadin auduga na Indiya domin kare masaƙanta na gida. A 1934 kuma, da yadin Japan mai araha ya fara cin kasuwar Nijeriya, sai aka ƙayyade shigo da shi domin kare Lankasha. Ashe 'yancin ciniki ana wa'azinsa ne idan mai ƙarfi ke da rinjaye, a ajiye shi idan ya ga zai faɗi.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta Nijeriya, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar takan biya manomi ƙasa da farashin duniya, ta riƙe rarar. Gaskiya ne an yi ayyukan raya ƙasa da wani ɓangare na kuɗin, kuma masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957 ta soma mayar da saƙa gida, daga baya Funtua ma ta sami tata. Sai dai manomi bai sami bakin magana a kan farashi ba, ubangida kawai ya sake. A 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki da Bankin Duniya ya goyi baya, aka rushe hukumomin ciniki ba tare da an tanadi mai kula da iri da daraja ba. Yadi daga Asiya ya cika kasuwa, manyan masaƙun Kaduna suka rufe, manoma da yawa a Funtua da Malumfashi suka koma ga masara da waken soya.

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙasar da ta yarda wani ya riƙe mata iri da sikeli da hanyar kasuwa, to ta karɓi ladan, aski kuma ba makawa. Saboda haka ya kamata ɗalibi da ma'aikacin hukuma, duk sa'ad da aka kawo wata yarjejeniyar ciniki ko shirin noma daga waje, su fara da tambayoyi uku: wa zai yanka farashi, a ina za a sarrafa kayan, kuma nawa ne zai komo hannun wanda ya riƙe fartanya.