"Ubangida" da "Bawa" a Harshen Na'ura: Tarihin Kalmomi Biyu

Masana fasaha sukan ari kalmomi daga zaman jama'a domin raɗa wa na'urori suna, kuma aron yakan zo da kayan da ba a yi niyyar ɗauka ba. Haka ya faru ga "ubangida" da "bawa", wato *maître* da *esclave* a Faransanci. Binciken Ron Eglash na 2007 ya iske su tun 1904 a rubutun David Gill, masanin taurari a Afirka ta Kudu, game da agogon da ke bi da wani agogo. Daga baya suka shiga fannin rumbun bayanai na kwamfuta, inda rumbu guda ke karɓar rubutu, sauran kuwa suna kwafe abin da ya ƙunsa.

A 2003 gundumar Los Anjeles ta Amurka ta nemi masu sayar mata da kayan aiki su guji kalmomin. Manhajojin Drupal da Django suka sauya su a 2014, Python a 2018, sannan MySQL a 2020, wadda ta zaɓi kalmomi masu ma'anar "tushe" da "kwafi". Hujja biyu aka kafa. Ta farko ciwon tarihi. Ta biyu rashin dacewar ma'ana: kwafi ba ya yi wa tushe bauta, kuma in tushe ya lalace, kwafin ake ɗagawa ya maye gurbinsa.

A Nijar hujjar farko ba labarin nesa ba ce. Sai a 2003 dokar hukunta laifuka ta tanadi horo ga mai bautar da mutum, kuma a 2008, a nan Yamai, kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnati bisa kasa kare ta daga bauta. A ajin yaƙi da jahilci na unguwa irin Bukoki, jikan bawa da jikan ubangida suna iya zama kan tabarma ɗaya.

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun fi mai da hankali ga haruffa da ƙa'idojin rubutu. Tun da kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, aikin zaɓen kalmomi ya ƙara nauyi, domin tsofaffin littattafan da za a fassara cike suke da tsofaffin sunayen. Shawararmu ita ce masu tsara ƙamus su ɗauki "tushe" da "kwafi", su gwada su a bakin masu koyo kafin a buga, domin kalmar da ta shiga littafin karatu tana da wuyar fita.