Koyon Zanen Fenti Mai Mai Ta Hanyar Kwafar Aikin Magabata

Kwafar zanen manyan gwanaye tsohuwar hanya ce ta koyon sana'ar zane a Turai. Wajen shekarar 1400, Cennino Cennini na Italiya ya rubuta littafi kan sana'ar, inda ya shawarci ɗan koyo ya nemi aikin gwanin da ya fi kowa, ya yi ta kwafa. A lokacin yaro kan shafe shekaru a shagon maigidansa yana niƙa launi da shirya allo kafin a bar shi ya taɓa fuskar mutum.

Yaɗuwar fenti mai mai a ƙarni na 15, musamman a hannun Jan van Eyck, ta ƙara wa kwafi muhimmanci. Wannan fenti a hankali yake bushewa, kuma hawa-hawa ake ɗora shi. Da farko a shafe allo ko ƙyalle, a fitar da siffa, a gina haske da inuwa da launi guda, sannan a riƙa bi da shafi sirara waɗanda na ƙasa ke leƙowa ta cikinsu. Kowane hawa sai ya fi na ƙarƙashinsa mai, in ba haka ba zanen ya tsage. Hasken da ake gani a fatar mutum daga waɗannan hawa yake fitowa, kuma kallo kaɗai ba ya bayyana jerinsu. Sai hannu ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Har waɗanda suka riga suka shahara ba su raina hanyar ba. Rubens ya haura shekara 50 lokacin da ya zauna a Madrid daga 1628 zuwa 1629, amma ya duƙufa yana kwafar zanen Titian da ke fadar sarkin Sifaniya. Kwafinsa na Adamu da Hauwa'u yana gidan tarihi na Prado har yau.

Da aka buɗe gidan tarihi na Louvre a Faris a 1793, abin da a da sai mai shiga fada ke samu ya zama na kowa, har aka keɓe wa masu kwafi ranaku. Mai zane Degas ya yi rajistar yin kwafi a can a 1853. Gidan yana ba da izini har yanzu, da sharaɗin girman kwafin ya bambanta da na asali, kuma kada a kwaikwayi sa hannun mai zanen.