Ƙoramar Telwa da Ƙasusuwan Jobar

Mu malaman makaranta mun saba fara tarihin Agadas daga sarakuna da ayarin gishiri, alhali ƙasar ta girmi wannan nesa ba kusa ba.

Ƙoramar Telwa daga duwatsun Azbin take gangarowa, ta ratsa gefen gari, ta malale cikin kwarin Irhazer. Galibin shekara rairayi ce zalla. To, dutse ba ya shan ruwa. In aka yi mamako a tudu sai ruwan ya taho gaba ɗaya, ko da mutanen gari ba su ga hadari ba. Haka aka yi a farkon Satumba 2009: ruwa ya karya madatsa, ya rushe dubban gidajen ƙasa.

Mai karatu, abin ya daɗe. A 1997, a gefen wannan kwari, wajen Ingal, masanin Amurka Paul Sereno ya tono ƙasusuwan wata shirgegiyar dabba da ta shuɗe fiye da shekara miliyan 100. Aka raɗa mata Jobaria, daga Jobar, dodon tatsuniyar Buzaye. Manya da ƙanana aka tarar jibge wuri guda, kuma masanan sun kyautata zaton ambaliya ce ta binne su.