Gadar Kennedy ta Yamai: ranar da ɗalibai suka nufi tsallake

Yau za mu leƙa maƙwabta, ƙasar 'yan uwanmu na Maraɗi da Tsibiri, amma sai mun dangana da babban birninsu, Yamai.

Kogin Kwara ya raba Yamai gida biyu. Ofisoshin gwamnati da manyan kasuwanni suna gefe guda, Harobanda tana ɗaya gefen. Sunan ma da Zabarmanci yana nufin bayan ruwa. Kafin 1970, sai da jirgin fito ko kwalekwale ake tsallakawa. A shekarar ce, zamanin Diori Hamani, aka buɗe gada mai tsawon mita 710 da tallafin Amurka, aka sa mata sunan Kennedy. Bayan nan aka kafa jami'ar ƙasar a Harobanda.

To ku lura da wannan: ɗalibai suna gaɓar can, masu mulki suna gaɓar nan, hanyar kuma ɗaya ce tal.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990, lokacin mulkin Janar Ali Saibou, ɗalibai suka fito zanga-zangar lumana kan matakan tsuke bakin aljihu da suka taɓa ilimi. Suna isowa gadar jami'an tsaro suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum 3 suka mutu, da dama suka jikkata.

Jinin nan bai tafi a banza ba. Ƙungiyoyin ƙwadago suka mara wa ɗalibai baya, gwamnati ta amince da jam'iyyu barkatai kafin ƙarshen shekarar, aka zauna babban taron ƙasa daga Yuli zuwa Nuwamba 1991. A 1993 Mahamane Ousmane ya ci zaɓe. Har yau ɗaliban Nijar na tuna ranar duk shekara, kodayake an ƙara gadoji biyu, a 2011 da 2021.

Ni abin da na ɗauka shi ne, duk wanda ruwa ya raba da inda ake yanke hukunci, muryarsa ba ta isa. Mu nan gabashin Sakkwato mun san yadda damina ke yanke ƙauye daga kasuwa da asibiti. Don haka neman gada ba roƙon alfarma ba ne, haƙƙi ne.

Wace gada ce garinku ke jira? Mu haɗu a shiri na gaba.