Shanun Dutsen Birnin Kudu da Tarihin Garinmu

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina jin labarin zanen duwatsun Birnin Kudu, amma ban san girman al'amarin ba sai ranar da na tsaya gaban Dutsen Mesa da Dutsen Habude. A jikin dutsen akwai siffofin shanu da mutanen dā suka zana, wasu masu dogayen ƙahoni, wasu masu gajeru, kuma da yawansu ba su da tozo. Duk wanda ya tashi a Zakirai da tozo ya san sa, na huɗa ne ko na kasuwa. Ashe kafin fararen shanunmu wani iri ne ya yi kiwo a ƙasar nan, kuma dutse ne ya adana mana shaidar.

A shekarun 1950 ne Baturen nan masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya sanar da duniya labarin zanen, tare da wasu duwatsu na wurin masu amo kamar kuge idan aka buga su. A lokacin Birnin Kudu na cikin Lardin Kano; sai a 1991 ta koma Jihar Jigawa.

Irin wannan shaida ba ta tsaya a nan ba. A hamadar Nijar, tsakanin Agadas da Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a dutsen Dabus, babban ya haura mita 5. Masana sun ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 da 8,000. Wato inda yau ya zama ƙeƙasasshiyar ƙasa, a dā makiyaya ce.

To, mu fa? Kakanninmu da ƙasa suka yi gini, damina na cin ta, fili kuwa kusan duk an nome shi. Tarihinmu yana cikin sunayen unguwanni, tsofaffin rijiyoyi da kukoki, sai kuma bakin dattawa. Dutse yana iya jiran shekara dubu, amma dattijo ba ya jira.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas, idan mun zo gida da Sallah, kowa ya zauna gaban tsohon gidansu. Mu tambayi daga ina aka zo, wa ya haƙa rijiyar unguwa, mu naɗa a waya, mu miƙa wa ƙungiya ta rubuta. Allah Ya jiƙan magabata, Ya albarkaci na baya.