Tarihin Makarantar Yara a Daji, da Abin da Ya Shafe Mu

Jama'a, yawancinmu a nan Sabo ta Ibadan mun ɗauka makarantar nazare ɗaki ce da benci da allo, inda ake cusa wa ɗan shekara 3 baƙaƙen boko. Asalinta ba haka yake ba.

Wani Bajamushe mai suna Friedrich Froebel ne ya kafa ta a garin Bad Blankenburg, kuma a 1840 ya raɗa mata suna Kindergarten, wato lambun yara. Sunan nan ba na ado ba ne. Mutumin ya yi koyon aikin gandun daji tun yana saurayi, saboda haka ya tsara kowane yaro ya sami ɗan fegi nasa, ya shuka, ya yi ban ruwa, ya jira tsiro. Hukumar Furushiya ta zargi makarantun da ɓata tarbiyyar addini, ta haramta su a 1851. Froebel ya rasu a 1852, ba a ɗage haramcin ba sai 1860.

Da makarantun suka bazu cikin birane, lambu ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama saura suna. A farkon shekarun 1950 wata mata a Denmak, Ella Flatau, ta riƙa fita da 'ya'yanta daji kullum. Maƙwabta suka ce a haɗa da nasu, daga nan makarantar daji ta samo tushe. Jamus ta sami tata a Wiesbaden a 1968, amma hukuma ba ta amince da irinta ba sai 1993 a Flensburg. A shekarar ce kuma malamai daga kwalejin Bridgwater ta Ingila suka je Denmak suka gani, suka koma da tsarin gida. Ruwa ko sanyi, yaran suna waje, suna hawan itace, suna ƙirga da tsakuwa.

To, mu fa? Kakanninmu da aka ware wa unguwar nan a 1916 ba su je nazare ba, amma ɗan shekara 5 a Arewa ya bi yayyensa kiwo da tsintar kanya da magarya, ya san ɗorawa daga tsamiya. Fataucin goro da shanu ya kawo mu Kurmi, muka cika fili da gidaje da rumfuna, yara suka rasa wurin. Abin kunya, ɗan dillalin goro ya san goro a huhu, bai taɓa ganin itacensa ba, alhali ga gonakinsa nan wajen Shagamu.

A ganinmu ba sai mun kwaikwayi Turawa kwabo da kwabo ba. Dajinsu ba shi da macizai da sauro irin namu, dole a sa manya su yi rakiya. Amma lambun Agodi yana kusa da mu, akwai kuma lambun itatuwa na Jami'ar Ibadan. Mota ɗaya, malamai biyu da iyaye mata uku sun isa su kai aji guda ranar Alhamis, tun da ba a karatun allo.