Daga Igwar Tanimun Zuwa Tsohuwar Chevrolet: Tarihin Neman Kayan Gyara a Damagaram

Duk wanda ya ƙudura niyyar tayar da tsohuwar motar Amurka a Zinder yau, a ce Chevrolet ko Ford ƙirar shekarun 1950 da ya gada ko ya tsinta a wani kango, zai gane tun a makon farko cewa wahalar ba a jikin motar take ba. Tana ga wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, famfon mai ko boris ko robar birki, wanda babu shi a kasuwar Dole, babu shi a Maraɗi, a Ƙofar Ruwa ta Kano ma sai an taki sa'a.

A Amurka kuwa abin ya zama sana'a mai zaman kanta. Akwai kamfanonin da ba su da aiki sai ƙera sababbin kayan tsofaffin motoci, har mutum na iya sayen kusan kowane sashe na Ford Mustang ta 1965 ko Chevrolet ta 1957 daga kundin talla. Kowace Oktoba garin Hershey na jihar Pennsylvania kan cika maƙil da 'yan gwanjon ƙarafa da masu neman abin da ya ɓace musu. To, kayan suna nan. Abin tambaya shi ne ta ina za su bi su iso Damagaram, nawa za su ci a hanya, kuma wa zai ɗaura su in sun iso. Waɗannan tambayoyi sun girmi mota nesa ba kusa ba. Sarakunan Damagaram sun sha fama da su tun ana zuwa Tarabulus a kan raƙumi.

A ƙarni na 19 Zinder babban zango ce ga ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya ratsa Gat da ƙasar Abzin, ya nufi Kano. Tafiyar watanni ce, kuma ba kullum kaya ke isowa ba. Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Zinder a ƙarshen Disamba 1852, ya yi kimanin wata guda yana jiran saƙon kuɗi daga arewa kafin ya iya kama hanyar Katsina da Sakkwato. Wanda gwamnatin Ingila ke bayansa ke nan, balle talaka.

A wannan zamani ne Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu ya riƙe ƙasar kimanin shekara talatin, har rasuwarsa a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, shi kuma ya tara makamai irin waɗanda ba a saba gani ba a wannan yanki. Masana tarihi kan ambaci bindiga wajen 6,000 da igwa wajen 40. Marigayi Andre Salifu, ɗan Zinder wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi guda a kan daular a 1971, ga malamin da ke son faɗaɗa bincike.

Bindiga ita ce na'urar waje ta farko da ta shigo mana da yawa, kuma tana da halin duk wata na'ura: tana ci, tana kuma lalacewa. Tana son albarushi da harsashi da dutsen ƙanƙara mai ƙyasta wuta. Kunamarta na karyewa, bakinta na tsagewa. Bindigar da kunamarta ta karye sanda ce, sandar ma mai nauyin banza. Da Tanimun ya dogara ga ayari kaɗai, da duk shekarar da hanya ta rufe sai dakarunsa su koma ga kwari da baka. Maimakon haka sai ya sa aka riƙa haɗa albarushi a cikin gari, maƙera suna zubin igwa, ana yi mata keken ja, ana gyara bindigogin da suka samu matsala. Abin da ƙasar ba ta da shi, kamar farar wuta, shi ake jira daga fatake. Wato ya rarrabe tsakanin abin da dole a sayo da abin da hannu zai iya yi a gida, ya rage na farkon iyakar iyawarsa.

Kada mu yi wa tarihin kwalliya. Cikin abin da ake biyan waɗannan makamai da shi akwai gashin jimina da fatu, akwai kuma bayi, 'ya'yan mutane da aka kamo a hare-hare. Malamin da zai ba yara labarin igwar Tanimun ya kamata ya ba su wannan ɓangaren ma.

Abin lura a nan shi ne yadda maƙerin wancan lokaci ke aiki. Bindigogin da ke isowa ba su zama daidai da juna ba ko da daga gari ɗaya suka fito. Saboda haka ba a yin odar kunama. Maƙeri zai duba wadda ta karye, ya auna da ido da yatsa, ya ƙera wata, ya yi ta goga da magagari har ta zauna. Ilimin yana hannunsa, ba ya cikin takarda.

Faransawa sun ci Zinder a 1899, suka mai da ita hedikwatar yankin daga 1911 zuwa 1926. A 1911 ɗin ne kuma layin dogo ya iso Kano daga bakin teku. Ayarin Tarabulus ya mutu a hankali, Damagaram ta juya fuskarta kudu.

A ƙarshen 1924 mutanen Zinder suka ga wani ayari na daban. Motoci takwas ne na kamfanin Citroën, masu taya biyu a gaba da ɗamarar roba a baya irin ta tankar yaƙi. Sun taso daga Kolom-Beshar a Aljeriya ranar 28 ga Oktoba, suka bi ta Yamai da Tasawa, suka yada zango a Zinder, suka wuce Tafkin Cadi, ba su tsaya ba sai Madagaska a watan Yunin 1925. A Faransa an yi ta yayata tafiyar a matsayin nasarar injin a kan raƙumi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, watanni kafin motocin su motsa, sai da kamfanin ya tura wasu tawagogi gaba suka ajiye mai da tayoyi da kayan gyara a zango-zango, kuma da yawan kayan nan a kan dabbobi da kawunan 'yan dako suka isa inda aka ajiye su. Cikin matafiyan kuma kanikawa sun fi kowa yawa. Motar ta ratsa ƙasar ne domin kayan gyaranta sun riga ta zuwa.

Mota ta zo da wani sauyi da ya shafi maƙera kai tsaye. Henry Ford ya ƙera motarsa Model T sama da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, bisa ƙa'idar cewa fistin ɗin wannan zai shiga waccan ba tare da guga ba. Daga nan kowane ƙarfe ya samu lamba. Ba sai an kai wa gwani ya duba ba. A rubuta lambar, a aika, a jira. Wannan sauƙi ne babba, amma ya ɗauke wani kaso na ilimin daga hannun maƙeri ya miƙa wa akawun kanti mai iya karanta kundi da rubuta wasiƙa. Motocin ɗaukar kaya na Ford da Chevrolet sun yi tashe a Afirka ta Yamma kafin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙin kuma rarar motocin soja na Amurka suka biyo baya. Daga baya Berliet da Fijo da Land Rover suka mamaye hanya.

Zamanin gyaɗa ya ƙara ɗaure Damagaram da Kano. Gyaɗar Magarya da Matamaye ta kan bi mota zuwa Kano, ta hau jirgin ƙasa zuwa Legas, motar kuma ba ta dawowa wayam. Tsakanin Zinder da Kano kimanin kilomita 240 ne, alhali zuwa Yamai kusan 900 ne. Ko da hukuma ta so kaya su bi ta Kwatano da Faraku, bakanike ya san inda ya fi masa kusa.

A ganina ba a taɓa samun sauƙin kayan gyara a wannan yanki kamar zamanin Fijo ba. An buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Faransa. Mota iri ɗaya ce a hannun ɗan kasuwa da ma'aikaci da direban tasha, daga Zinder har Zariya. Kowane gareji ya san cikinta, kowace matacciya kuma ta zama rumbun kayan 'yan uwanta. Ba ƙarfin ƙarfe kaɗai ya sa 504 da akori-kura 404 suka daɗe ba. Yawansu ne, da kusancin inda ake samo kayansu.

Sai ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Abin da ake saye jaka goma daga Faransa ya koma jaka ashirin a dare ɗaya. Sabon kaya ya gagari mutane, kasuwar gwanjo ta buɗe: motocin Kwatano, injuna da giya da ƙofofi da aka ciro daga matattun motocin Turai, tare da sababbin kaya masu araha daga Asiya, wasu nagari, wasu jabu. Hanyar ma ba tabbas gare ta ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya ta tsaya cik, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Dama daga Kwatano zuwa Zinder ya haura kilomita 1,500. Zagayen ya ƙara nisa da kuɗi da kwanaki. Bakaniken da ya yi makonni yana jiran kulochi ɗaya a wannan lokaci, halin da yake ciki bai bambanta da na mai jiran ayarin Gat ba.

Mu koma ga mai tsohuwar Chevrolet. Hanya biyu ce a gabansa. Ta farko ita ce ta masu tara motoci a Amurka, waɗanda ke son komai ya zama na asali har noti. Zai biya da dala, ƙananan kaya su zo ta jirgin sama, manya ta ruwa, ya biya kwastan, ko duwan kamar yadda ake cewa a Damagaram, kuma sau da yawa kuɗin dako ya fi kuɗin kayan. In aka aiko wanda bai dace ba, mayarwa ta fi sayen wani tsada. Ta biyu ita ce hanyar mutanen Kuba. Bayan juyin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba musu a 1962, dubban motocin Chevrolet da Buick da Ford suka rasa kayan gyara. Kanikawan Habana suka dasa musu injunan Rasha, daga baya injunan gas na Japan da Koriya, suka feƙe abin da za a iya feƙewa, suka zuba abin da za a iya zubawa. Mai tara motoci zai ce an lalata su. Amma har yau suna ɗaukar fasinja. Ba na jin Tanimun zai yi dogon tunani kafin ya zaɓi ta biyu.

Kowace hanya mutum ya bi, sai ya ci karo da lissafi. Motocin Amurka na wancan zamani da inci aka auna su, na Faransa da Japan kuwa da milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Noti mai rabin inci milimita 12.7 ne, saboda haka sifana mai lamba 13 za ta kama shi sako-sako, a yi ta murɗawa har kansa ya sule. Zaren notin ma daban ne. A tilasta masa wanda ba nasa ba, a kashe ramin. Sai batun lamba. Tun daga 1981 ne motoci a Amurka suka koma lambar shaida mai harafi da alƙaluma 17 bisa tsari ɗaya. Kafin nan kowane kamfani da nasa, kuma tsohuwar mota ba lallai injin da ke cikinta shi ne wanda ta fito da shi ba. Dole a kankare datti, a karanta lambar da aka zuba a jikin ƙarfen, a gwada ta da kundin da aka rubuta da Ingilishi.

Nan ne abin ya shafi malamai da iyaye. Mun raba 'ya'yanmu gida biyu. Akwai wanda aka cire daga makaranta yana ɗan shekara goma aka kai gareji: kunnensa na gane ciwon injin daga ƙara, amma a ba shi lamba ya nema a waya sai ya nemi mai karanta masa, kuma a nan ake sayar masa da jabu. Akwai kuma wanda ya zauna a aji ya haddace rabi da kwata da sulusi, bai taɓa riƙe sifana ba, yana ma ganin baƙin mai a riga abin kunya ne. Aikin da maƙerin Tanimun ke yi shi kaɗai, yau sai an haɗa waɗannan yara biyu kafin a yi shi. Malamin lissafi da zai shigo aji da noti biyu, ɗaya na inci ɗaya na milimita, da sifana guda, zai koyar da kashe-kashen lamba a rabin sa'a fiye da yadda allo zai yi a mako.

Akwai wani abin mamaki kuma. Chevrolet ta 1955 ta fi motar 2015 sauƙin rayawa a Zinder. Tsohuwar ƙarfe ce da waya da roba. Kafiretarta ana kwancewa a wanke, lagiretonta ana liƙewa, mai walda zai yi mata salansa, mai injin feƙe ƙarfe zai fitar mata da abin da ya ɓace, masu zubin tukwanen dalma ma na iya zuba mata murfi in an ba su samfuri. Sabuwar kuwa tana da wani ɗan akwati da kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa, wanda ke sarrafa mai da wuta. In ya ƙone babu maƙerin da zai ƙera shi. Sai a nemo wani daga Kano ko Dubai mai lamba iri ɗaya, a kuma nemo mai kwamfutar da zai daidaita shi da makullin motar, in ba haka ba ko an ɗaura ba za ta tashi ba.